Yadda ɗan dubiya zai shiga asibiti ya fita bai kai cuta ba, bai kwaso ba

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya. An yi wa mahaifinta tiyata a ciki, yana kwance da ƙarin ruwa da robar fitsari, 'yan uwa da abokan arziki kuma ba sa yankewa. Wata nas ta yi musu magana a kan yawan masu shigowa, har ta ce wa wani dattijo ya tashi daga bakin gadon, abin ya ɓata wa dangi rai. Tana so ta sani: da gaske 'yan dubiya na iya jawo masa wata cuta? In haka ne, me za a yi ba tare da an kori mutane ba?

Malama, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa an yi a sa'a. E, da gaske ne. Ɗan dubiya na iya kawo wa marar lafiya cuta, yana kuma iya kwasa ya kai wa iyalinsa. Nas ɗin nan tana da gaskiya, ko da a ce ta faɗa da zafi. Amma bari in faɗi matsayina tun da wuri: aikina ke nan, hana yaɗuwar cuta a asibiti, kuma ba na goyon bayan hana dubiya sai in dole ta kama. Marar lafiyan da ke ganin nasa ya fi cin abinci, ya fi yarda ya tashi ya taka bayan tiyata, tsofaffi kuma ba su cika rikicewa ba idan akwai fuskar da suka sani a kusa. Sau da yawa 'yar da ke zaune gefen gado ce ke fara cewa "yau Baba ba daidai yake ba" tun kafin awon zafi ya nuna komai. Gyaran da ake nema yana wajen wanda zai zo, da abin da hannunsa zai taɓa idan ya zo.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce cikin kowane mutum 100 da aka kwantar a asibiti, kimanin 7 a ƙasashe masu arziki, 15 kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, sukan kamu da wata cutar da ba da ita suka zo ba. Cikin waɗanda suka kamu, kusan ɗaya cikin goma ba ya tashi. Hukumar ta ƙara da cewa har kashi 70 cikin 100 na irin wannan kamuwa ana iya kauce mata idan aka kiyaye tsabtar hannu da sauran matakan kariya. Ba zan ɗora wa 'yan dubiya wannan lissafi gaba ɗaya ba, don ba adalci ba ne. Mafi yawan ƙwayoyin daga jikin marar lafiyan kansa suke tasowa, ko ta robobin da aka sa masa, ko daga hannun mu ma'aikata. Sai dai ɗan dubiya shi kaɗai ne ke isa har bakin gado ba a taɓa koya masa komai ba, ga shi daga waje yake, ɗauke da duk murar da ke yawo a gari.

Dangi za su ce, ai kullum muna gaisawa da shi a gida, muna zama tare, bai taɓa kamuwa da komai ba. Haka ne, lokacin yana da lafiya. Jikin mai lafiya kamar gida ne mai katanga, fata ce katangar, kuma a halin da Baba ke ciki an buɗe ƙofa uku: inda aka yanka aka ɗinke, inda kanula, wato 'yar robar ƙarin ruwa, ta shiga jijiya, da robar da ta bi har mafitsara. Ga wahalar tiyata ta rage masa ƙarfi, in kuma akwai ciwon suga ko tsufa, abin ya ƙaru. Akwai wata bakteriya mai suna stafilokokas da ke zaune a hancin kusan mutum ɗaya cikin uku, ba ta sa su ko atishawa. Mutum ya sosa hanci, ya kama hannun da ke da kanula, ta samu hanya zuwa jini, nan kuwa ba wasa. Wani nau'inta da ake kira MRSA, wanda aka fara ganowa a Ingila a 1961, ba ya jin yawancin magungunan da aka saba kashe ta da su. Irin waɗannan ƙwayoyin da suka bijire wa magani sun kashe kimanin mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya a shekarar 2019 kaɗai, kuma asibiti ne matattararsu, tun da a nan ana yawan amfani da magungunan da suke koyon bijire wa.

Abu mafi girma da ɗan dubiya zai yi, a gida zai yi shi tun bai sa takalmi ba: ya tambayi kansa ko lafiyarsa ƙalau. Zazzaɓi, mura, tari, ciwon maƙogwaro, amai, gudawa, jan ido mai kwantsa, sababbin ƙuraje a jiki, ko ɗaya daga ciki ya isa a fasa zuwa. "'Yar mura ce kawai" ita ce maganar da na fi ji a bakin ƙofa. 'Yar murar da mai lafiya ke yawo da ita, idan ta shiga ƙirjin tsohon da aka yanka cikinsa, wanda ko tari ba ya iya yi sosai saboda zafin ɗinki, ciwon huhu take zama. Mura mai tsanani ma tana fara yaɗuwa tun kwana ɗaya kafin mai ita ya ji alama, ta ci gaba har kwana biyar zuwa bakwai, don haka wanda gidansa ke cike da masu mura, ko da shi bai ji komai ba, ya sa takunkumi ko ya dakata.

Mai amai ko gudawa ya jira awa 48 bayan abin ya tsaya cak. Dalilin wannan ƙa'ida wata ƙwaya ce mai suna norobairas, wadda 'yan ƙalilan daga cikinta, ƙasa da ɗari, sun isa su kwantar da mutum, alhali mai ita na fitar da biliyoyi. Mutum ɗaya da ya ce "ai na warke tun jiya" na iya sa a rufe sashe guda, marasa lafiya da nas-nas duk su kama. Ƙyanda ta fi wannan saurin tafiya: tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, tana yaɗuwa tun kwana huɗu kafin ƙurajen su fito, kuma cikin mutum goma marasa rigakafi da suka kusanci mai ita, tara na kamuwa. Ƙaranbau ma na yaɗuwa kwana ɗaya zuwa biyu kafin a ga ƙurji, har sai duk sun bushe. To idan akwai yaro mai ɗaya daga cikinsu a gida, mutanen gidan da ba su da rigakafi su haƙura da dubiya. Wanda kuma ya haura mako biyu yana tari, musamman da rama ko zufar dare, zuwansa asibiti ya zama na gwajin tarin fuka ne, shi ma.

Na san inda matsalar take. Ba wanda ke son a ce bai zo ba, ke kuma kina jin nauyin ki ce wa yayan mahaifinki ya koma. Shi ya sa maganar ba ta bakin ƙofa ba ce, ta waya ce. Duk wanda ya kira yana tambayar lambar ɗaki, ki haɗa masa da cewa likita ya ce mai mura ko ciwon ciki ya jira sai ya warke, ga Baba a waya ku gaisa. Ki ɗora a kanmu, mun saba ɗauka.

Wanda ke ganin an cika abin, ya dubi abin da ya faru a Koriya ta Kudu a 2015. Mutum ɗaya ya dawo daga Gabas ta Tsakiya da cutar numfashi ta MERS, ya bi asibitoci kafin a gane abin da ke damunsa. Kafin a shawo kan lamarin mutum 186 sun kamu, 38 sun mutu, kusan dukansu a cikin asibitoci suka ɗauka, kuma da yawa daga ciki masu jinya ne da 'yan dubiya. Da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin ƙasar suka bincika, cikin dalilan da suka lissafa har da cunkoso a ɗakunan gaggawa, da ɗakuna masu gadaje da yawa, da yawan dangi da masu ziyara a kusa da marasa lafiya. Ƙasa ce mai asibitoci na zamani da kayan aiki.

Sai hannu, kuma a nan zan daɗe. A 1847 wani likita ɗan ƙasar Hungari, Ignaz Semmelweis, da ke aiki a babban asibitin Viyana, ya lura cewa mata na mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa a sashen da likitoci da ɗalibai ke karɓar haihuwa fiye da sashen ungozomomi. Likitocin daga ɗakin binciken gawa suke wucewa ɗakin haihuwa. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwa mai sinadarin kulorin, mace-macen da suka kai kimanin 18 cikin 100 a watan Afrilu suka faɗo zuwa kusan 2 cikin 100 cikin 'yan watanni. Abokan aikinsa da yawa sun ji haushi, suna ganin an ce musu ƙazamai ne. Har yau haushin nan bai mutu ba: ka ce wa mutum ya wanke hannu, sai ya dubi tafinsa ya nuna maka cewa fes yake.

Ki bi hannun ɗan dubiya ɗaya da ido, daga gida zuwa gado. Ya riƙe ƙarfen mota, ya karɓi canji, ya tura ƙofar asibiti, ya danna maɓallin lif ko ya dafa ƙarfen bene, ya gaisa da mutum biyu a baranda, ya ciro waya ya tambayi lambar ɗaki, ya share gumi, ya murɗa hannun ƙofa. Yana shiga ya kama hannun Baba da hannu biyu, babban yatsansa daidai kan filastar kanula, yana jinjinawa yana sannu. Daga nan ya gyara masa matashi, ya ɓare masa lemo ya sa masa a baki. Babu mugunta ko ɗaya a cikin wannan, ƙauna ce tsantsa, kuma duk abin da ke kan ƙofofin nan da kuɗin nan ya isa inda bai kamata ba. Wani bincike da aka yi a kan ɗaliban likitanci a Ostireliya ya gano suna taɓa fuskarsu kimanin sau 23 a awa ɗaya ba su sani ba. Waɗanda ake koya wa abin ke nan.

Idan hannu ba shi da dattin da ido ke gani, sanitaiza ta wadatar, kuma ta fi sauri da sauƙi ga fata, in dai sinadarin alkohol da ke cikinta ya kai kashi 60 cikin 100 ko fiye. A zuba abin da zai jiƙa hannu duka, a murza daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya bushe da kansa. Ɗigo ɗaya a tafi a shafa a wando ba komai ba ne. Da sabulu da ruwa kuwa aikin na ɗaukar daƙiƙa 40 zuwa 60. Wuraren da kusan kowa ke tsallakewa su ne babban yatsa, da kan yatsu wajen farce, da tsakanin yatsu, da bayan hannu. Tafi shi ke cin gata, alhali da kan yatsu ake taɓa komai. A busar da hannu da tishu ko tawul mai tsabta na mutum ɗaya, don jiƙaƙƙen hannu ya fi ɗaukar ƙwayoyi da saukewa, a kuma rufe famfon da tishun, tun da hannu mai datti ne ya buɗe shi. Tawul guda da aka rataye kowa na gogewa, gara a bar hannu ya sha iska.

Akwai inda sanitaiza ba ta isa ba, kuma mutane kaɗan ne suka sani. Idan marar lafiya na gudawa, ko an fito daga banɗaki, sabulu da ruwa ne. Akwai wata bakteriya da ma'aikata ke kira C. diff, mai kawo muguwar gudawa ga waɗanda suka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, wadda ke ƙunshe kanta cikin ƙwanso mai tauri. Alkohol ba ya fasa ƙwanson, kuma tana iya yin watanni a kan ƙarfen gado ko hannun ƙofa. Norobairas ma ba ta cika jin sanitaiza ba. Sabulu da ruwa ba kashe su suke yi ba, wanke su suke yi su bi rariya.

Yaushe? Da shiga ɗakin kafin a taɓa shi, kafin a ba shi abinci ko magani, bayan tari ko fyace majina, bayan taɓa duk wani abu da ya fito daga jikinsa, da kuma lokacin fita, ko da gadon kawai aka dafa. Na fitan nan shi ne kariyar yaranki a gida. Ki ajiye kwalbar sanitaiza a inda mai shigowa zai fara cin karo da ita, ki miƙa wa kowa da murmushi, ki fara da kanki a gabansu. Da zarar babba ɗaya ya karɓa, sauran sun bi. Mai jinyar da ke kwana ta yanke farce, ta cire zobba da awarwaro da agogo. A ƙarshen shekarun 1990, a wani sashen jarirai a Amurka, jarirai 16 sun mutu a ɓarkewar wata bakteriya da aka alaƙanta da dogayen farata da na roba a hannun ma'aikata. Waya kuma hannu na uku ce: ana shiga da ita ko'ina, ba a taɓa wanke ta. Kada a ɗora ta kan gado ko teburin abinci, a riƙa goge ta, in an taɓa ta a sake tsabtace hannu kafin a koma kan Baba.

Zama a bakin gado, wanda ya jawo ɓacin ran, dalilinsa biyu ne. Rigar da ta zauna a kujerar mota da bencin jira ta zo ta kwanta kan zanin da ke taɓa ciwo, sannan ta tashi da abin da ke kan zanin zuwa gida. Jaka da mayafi da leda ma haka, ba a ɗora su kan gado. Yawan mutane kuwa, biyu a lokaci guda shi ne abin da asibitoci da yawa suka tsayar, kuma ina ganin daidai ne. Mutum takwas a ƙaramin ɗaki iska ɗaya suke juyawa, ga nas ba ta samun hanyar isa ga ƙarin ruwa, ga marar lafiya na ta ƙoƙarin amsa gaisuwa alhali barci yake so. Minti goma sha biyar ta isa dubiya. Inda aka yarda a buɗe taga, a buɗe. A babban ɗaki mai gadaje da yawa, a yi wa maƙwabta sannu daga nesa. Bin gado-gado ana musabaha, ko taimaka wa na kusa da kofi ko cokalin Baba, hanya ce da ƙwayoyi ke tsallakawa daga gado zuwa gado ba tare da sun bi ta hannun ma'aikaci ba. Banɗakin marasa lafiya nasu ne, ɗan dubiya ya nemi na baƙi.

Robobin da ke jikinsa kuwa, ido ne naku, hannu na nas. Ƙarin ruwa ya tsaya, sai wani mai ƙarfin hali ya murɗa abin daidaitawa, ko ya matse robar, ko ya zare mahaɗar don Baba ya sa riga sannan ya mayar. Duk buɗewa ɗaya hanya ce kai tsaye zuwa jini. Garin neman gira a rasa ido. Jakar fitsari na da ƙa'idarta da ya kamata duk mai jinya ya sani: kullum tana ƙasa da mafitsara, a rataye jikin gado, ba ta taɓa ƙasa. Na sha shiga ɗaki in tarar an ɗauke ta an ɗora kan katifa kusa da ƙafar marar lafiya, an lulluɓe da zani, wai don kada baƙi su gani. Niyyar sutura ce, amma fitsarin da ya daɗe a jaka, wanda ƙwayoyi suka riga suka hayayyafa a ciki, sai ya gangara ya koma mafitsara. In ana son sutura, a rufe ta da ƙyalle a inda take rataye. Idan zai taka, a riƙe ta ƙasa da ƙugu. Bandejin ciwo ba a ɗaga shi don a nuna wa dangi yadda ɗinkin ya yi, ba a kuma shafa masa komai, ko mai ko gari ko wani abin da aka ce ya warkar da wane. In ya jiƙe ko ya ɓalle, a kira nas.

Abinci a fara tambaya, musamman bayan tiyatar ciki, inda hanji ke ɗaukar lokaci kafin ya farka. Marar lafiyan da ke gyangyaɗi ko kwance a miƙe ba a ɗura masa ruwa ko abinci. Idan ya ƙware, abin ya faɗa huhu, ciwon huhu ke biyo baya, kuma yana cikin cututtukan asibiti masu kisa. A ɗaga kan gadon ya zauna sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, a bar shi a zaune na ɗan lokaci bayan ya gama. Dafaffen abincin da ya wuce awa biyu a ajiye ba a firji ba, a fitar da shi, kada a tura ƙarƙashin gado sai dare. Kofinsa da cokalinsa nasa ne shi kaɗai. Furanni da shuke-shuken tukunya ana hana su a ɗakin kulawa ta musamman da sashen masu ciwon daji da waɗanda aka yi wa dashen wani sashen jiki, saboda bakteriyar da ke taruwa a ruwan tulun da kuma funfunar da ke cikin ƙasa.

Idan wata rana kika ga an liƙa takarda a ƙofa an keɓe Baba, ko an ce sai da riga da safar hannu za a shiga, kada gabanki ya faɗi, kuma ba abin kunya ba ne. Sau da yawa an gano wata ƙwaya ce a jikinsa da ba a son ta isa ga na kusa. A tambayi nas ta nuna yadda ake sawa da cirewa, don wajen cirewa ake kwasar abin. Ana cire su a bakin ƙofa, a jefa a kwandon da aka tanada, a wanke hannu. Safar hannu ta fi komai ruɗin mutane: mai ita sai ya ji ya tsira, ya taɓa marar lafiya, ya amsa waya, ya gyara hula, ya fita baranda da ita. Safar da aka yi yawo da ita ta fi hannu tsirara haɗari, don shi hannun aƙalla ana tunawa a wanke shi. Takunkumi ya rufe hanci da baki duka. Wanda ke ƙarƙashin haɓa ado ne. Ga cututtukan da ke shawagi a iska irin tarin fuka da ƙyanda, takunkumi na musamman ake sawa, irin N95, wanda ke manne wa fuska.

Ƙananan yara a bar su a gida in ba dole ba. Suna rarrafe a ƙasa, suna sa komai a baki, su ne kuma suka fi yawo da mura. Mai ciki, da wanda ake yi wa maganin ciwon daji, da wanda aka yi wa dashen ƙoda, da tsoho mai rauni, su ma don kansu ya kamata su tambaya kafin su zo. Tun da tambayarki za ta amfani wasu, bari in ƙara na masu zuwa ganin jariri: ba a sumbatar sabon haihuwa, balle bakwaini, musamman ga mai ƙurajen nan da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi. Ƙwayar da ke kawo su ba ta dami babba ba, amma tana iya kaiwa ga ƙwaƙwalwar jariri.

Ke da ke kwana da shi, matsayinki ya wuce na ɗan dubiya, kusan ma'aikaciya ce ke. Wajen zubar da fo, ko goge amai ko jini, ki sa safar hannu, ki cire da gamawa, ki wanke da sabulu. In kina da yanka a hannu ki rufe da filasta. Allurar da kika gani a ƙasa ko kan gado kada ki ɗauka ko ki mayar mata da murfi, ki nuna wa ma'aikaci. In ta soke ki, ki wanke wurin da sabulu ki faɗa nan take, don maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki yana aiki ne idan an fara shi da wuri, cikin awa 72. Kayansa da suka ɓaci a ƙulle su a leda, a wanke su daban. Ki taimaka masa ya wanke nasa hannun kafin cin abinci da bayan biyan buƙata, wannan kusan kowa na mantawa da shi, ki kuma kula da goge masa baki safe da dare, don ƙwayoyin da ke taruwa a baki su ne ke gangarawa huhu.

Kina kuma da bakin magana a kanmu. Idan likita ko nas ya zo zai taɓa ciwon ko kanular ba ki ga ya tsabtace hannu ba, ki tambaya cikin ladabi: "Likita, don Allah ga sanitaiza nan." Wani zai ɗaure fuska, na sani, amma hukumomin lafiya da kansu ke ƙarfafa wa marasa lafiya da danginsu gwiwar yin haka, kuma ma'aikacin kirki godiya zai yi. Kullum idan an zo zagaye ki tambaya ko har yanzu ana buƙatar robar fitsarin da kanular. Kowace rana da roba ta ƙara a jiki haɗarin na ƙaruwa, kuma a asibiti mai cunkoso akan manta da ita. Ki faɗa da wuri idan kika ga wurin kanula ya yi ja ko ya kumbura ko yana masa zafi, ko ciwon na fitar da ruwa ko mugunya ko wari, ko ya fara zazzaɓi da rawar sanyi, ko gudawa sau uku ko fiye a yini, ko numfashinsa ya ƙaru, ko ya fara surutai da rikicewa. A jikin tsoho rikicewar nan na iya zama alamar farko, ko da jikin bai yi zafi ba. Kada kuma wani ya kawo ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta daga gida ya ba shi a ɓoye, yana ɓata gwajin da za a yi, yana kuma buɗe wa C. diff hanya.

Ranar da aka sallame shi dubiyar za ta koma gida, wataƙila ma ta fi ta asibiti yawa, alhali ciwon bai gama haɗewa ba. Cutar wurin tiyata na iya bayyana har kwana 30 bayan aikin, kuma da yawa sai an koma gida take nuna kanta. Don haka kwalbar sanitaiza ta bi shi har ɗakinsa, mai mura ya ci gaba da gaisuwa ta waya, mutum ɗaya da nas ta koya wa shi ne zai riƙa taɓa bandejin. Kafin ku bar asibitin ki karɓi lambar da za ki kira, ki tambayi ranar cire zare, in kuma kika ga ɗaya daga alamomin nan, ku koma a ranar, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.